Om Ɗari

A Pardubice, bayan tashar jirgin ƙasa,
a ɗakin da tagarsa ɗaya ke leƙen kogin Labe,
Vendelin ya ɗora mini ferayit a tafin hannu,
baƙar ƙwaya, ba ta kai wake ba,
huji biyu gare ta kamar hancin ɗan maraƙi.
Ya ce, "Blanka, dangin tukunya ce, gasa ta aka yi.
In kin matse ta ta tsage, ba za ta gaya miki ba."

Aikin a baki ba shi da wuya:
sigina ta shigo ta ƙofa ɗaya,
ta fita ta biyu, rabi da rabi,
tun daga megahaz biyar har dubu,
kada ƙofa ta fi 'yar'uwarta ko da ƙiris.

Na murza wayoyin tagulla biyu, sirara kamar gashin gira,
na zura ta huji, na fito ta huji,
matsefata a hannu, numfashi a maƙoshi.
Naɗi shida: ƙasan zango ya kwanta lafiya,
sama kuwa layin na'ura ya zube kamar an sare shi.
Na kwance uku: sama ya miƙe,
ƙasa ya yi zuciya ya nutse.
An ce taura biyu ba ta taunuwa;
mu ita aka ba mu, aka sa mana ranar Juma'a.

Hamsin da hamsin in sun jeru, ashirin da biyar ne.
Mai shigowa ba ya son haka, sai ya juya da baya.
Lissafi ya nemi adadin da ba ya ƙarewa,
waya kuwa ba ta san rabin zagaye ba,
sai muka yi bakwai da biyar, muka ce ya yi kusa,
muka toshe giɓin da 'yar kafasita
wadda atishawa ɗaya ke ɓatar da ita.

Da la'asar ƙanƙara ta soma sauka.
Bas mai jan wuta daga waya ta wuce, layin ya girgiza.
Tsohon ya ɗauko rizista, om ɗari,
ya ɗarma ta tsakanin ƙofofin fita.
"Wannan ba ta da aiki," in ji shi, "muddin ana zaman lafiya.
Amma ɗaya ta karkace, ta maido abin da aka ba ta,
ita ke shanyewa, kada ya isa ga ɗayar.
Ba ta kuka. Zafi kawai take yi."

A sama ana jan kujera, ana buga teburi.
Ctirad na son a sayar da shagon,
Lubos na son injinan da sunan da ke bisa ƙofa.
Wata uku ke nan ba su gaisa ba
sai ta bakin uwarsu Jarmila,
wadda ke kai wa wannan miya, ta kai wa wancan,
ta rage wa kowace magana kaifi a kan matakala.

Daren Alhamis layuka biyu suka hau kan juna
har na zaci ɗaya ya mutu.
Vendelin ya cire tabarau, ya goge, ya mayar.
Bai yaba ba. Ya ce in rubuta yawan naɗin
tun kafin hannuna ya manta.

Jarmila ta sauko da shayi da burodin zuma,
ta ajiye nesa da wayoyi kamar kullum.
Da na karɓi kofin, yatsunmu suka haɗu.
Ba ta daɗe da riƙe shi ba,
amma hannunta ya fi kofin zafi.

Na koma teburi, na zare wayar ƙofa ɗaya da gangan,
na ƙara wuta,
na ɗora ɗan yatsa a kan om ɗari,
ina jira.