Sabulun Tsahara

Bara hannun Baba ya soma rawa,
shi da ya shekara arba'in yana aski
ƙarƙashin bedi, bakin Kasuwar Dole.
Zabirarsa na rataye a ƙusa yanzu.
Ni ke riƙe da askar duk safiyar Juma'a.

Ran farko da gwangwani na zo daga kanti,
jaka biyu da rabi na biya.
Na danna, kumfa ta fito fara fat, ta yi tozo,
na lulluɓe masa haɓa.
Aska ta hau tana ƙara
kamar ana kankare ƙanzo.
Jini, ɗigo biyu, ƙasan kunne.
Bai ce uffan ba sai da na gama.
Ya shafa, ya ce, "Mutari,
wannan kumfa baƙuwa ce,
a zaure ta tsaya, ba ta shiga cikin gida ba."

Juma'a ta biyu na yanko sabulun wanki na Inna.
Kafin in gama wasa aska ya bushe a fuska,
ya ja fata, ya bar ta fururu,
gemu ya miƙe tsaye kamar ƙayar aduwa.
"Don tsumma aka yi wannan,
ni ko ban zama tsumma ba tukuna."
Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.

Sai ya aike ni Birni,
bayan manyan duwatsu, lungu na uku,
gidan Tsahara mai sabulun salo.
Baƙi ne, mummuna, curi kamar daddawa,
tokar karan gero da man kaɗanya,
ƙunshe a takardar siminti.
Ta ce, "Yana nan da rai?
Shi ya yi wa ƴaƴana biyar askin suna.
Dala ashirin ne. Kawo sha biyar."

Ruwa ma sai da ya zaɓa.
"Ban da na ga-ruwa, zartsi ne, yana kashe sabulu.
Ɗebo na randa, wanda muka tara a famfo tsakar dare,
ka ɗumama, kada ya tafasa."

Na jiƙa ƙyalle na ɗora masa.
Na murza curin a tafi, na bi da yatsu.
Kumfar kaɗan ce, launin ƙasa, ba ta da kyan gani,
sai santsi.
Na kai hannu ga aska, ya riƙe ni.
"Ina za ka? Gashi ma ƙishirwa gare shi.
Ja Ƙulhuwa ƙafa bakwai, a hankali,
ka bar shi ya sha."

Na ja. Akuya ta yi kuka a bayan danga.
Maiko ya bi kowane sili har gindi,
furfurar nan mai taurin kai ta kwanta
kamar tabarmar kaba da ta kwana a raɓa.
Aska ta wuce, ban ji motsinta ba.
Kafin in kai ɗaya kuncin
barci ya ɗauke shi, ƙeyarsa cikin tafina,
maƙogwaronsa a buɗe gaban kaifi,
yadda rabin garin nan suka taɓa buɗe masa nasu.

Curin ya ragu yanzu, bai fi goro ba.
Jiya yana juya shi a hannu
ya ce, "Anya zai kai damina?"
Ban tambaye shi wa yake nufi ba.
Na ce ran Alhamis zan koma Birni,
biyu zan sayo.