Ranar da Aka Kwance wa Kuluwa Ido

Shekara talatin da ɗaya ina tuƙa taksi a Yamai.
Na san kowane rami daga Wadata har Yantala,
na san inda ɗan sanda ke laɓewa,
na san inda kwalta ke ƙarewa ba sallama.
Amma ka tambaye ni abin da ke bisa kaina,
sai in ce maka rana ce.

Ran Talata lokotoro ya ɓare audugar idon Kuluwa.
Shekara shida yana ta zauna mata
kamar baƙon da ya manta hanyar gida.
Ta dube ni, ta daɗe,
ta ce, "Ashe haka ka tsufa, Tanimun?"
Muka yi dariya har mai shara ya leƙo.

Na buɗe mata ƙofar mota, ta ƙi.
Wai da ƙafa za ta.
Na ce bazara ce fa, ƙasa na gasa takalmi.
Ta ce, "Akwai waɗanda nake son gaisarwa."

Muka bi ta Filato, baƙin tabarau a fuskarta,
ni riƙe da lema kamar zagin sarauniya.
Ƙarƙashin bedi ta tsaya ta ja numfashi.
"Wannan na san shi, shi ke shigo min ɗaki da asuba.
Ashe furen nasa bai kai ƙwayar gero ba,
duk wannan ƙamshi!"
Ni da na sha fakawa a inuwarsa ina ƙirga canji,
ban taɓa sanin yana fure ba.

Gaba kaɗan, bayan katangar wata ma'aikata,
sai ga shi,
itacen nan da 'yan lakwal ke kira fulambuwayan.
Ganye bai gama fitowa ba, ja ne tun daga wuya har ka,
kamar an rura garwashi an rataye a sama,
kamar dukan barkonon Katako ya yi fiffike.
Tsofaffin kwansuna na reto, baƙaƙe, dogaye kamar kube.
Ruwa bai sauka ba, ko ɗigo.
Da me ya yi wannan ado?

Kuluwa ta zare tabarau.
Na ce lokotoro ya hana.
Ta ce lokotoro bai shekara shida cikin hazo ba.
Ta tsaya nan, baki buɗe,
hawaye na bin idon da aka gyara
da wanda ke jiran layinsa bayan salla.

Mai gadin wurin, wani dogo mai tsagen Zabarmawa,
ya sauko daga bencinsa ya kakkaɓe mata.
Ya ce kullum shi ke share furen,
safe da yamma, har ya tsane shi.
Ya duƙa ya tsinto guda,
ya juya shi a tafin hannu kamar kuɗin wata ƙasa.
Huɗu ja, ɗaya mai ɗigon fari.
"Kai," in ji shi, "ban lura ba."

Muka gangara bakin kogi rana na sunkuyawa.
Ruwa ya janye, yashi ya fito da haƙarƙarinsa,
masu wanki sun shanya Gamkalle kala-kala,
jemagu sun fara tashi daga mangwaro.
Ta sayi ruwan leda biyu, ta sha ɗaya,
ta zuba ɗayan a ƙafafunta da suka kumbura.
Furen na ɗaure a bakin zane,
inda take ajiye goro.

Yau na koma aiki.
Wajen Filato wani mai kabu-kabu ya zage ni tas,
fitila ta ba da hannu ban motsa ba.
Fasinja ta ce, "Malam, lafiya?"
Na ce lafiya lau.
Na faɗa ramin da na sani tun yana ƙarami.