Tafintan Rumbun Albasa

A bayan tashar Aliero,
inda warin albasa ke riga rana tashi,
na kafe wani akwati a jikin ginshiƙi,
girmansa bai kai kwanon sha ba.

Ƙarƙashinsa na'urori goma sha bakwai
suna kwance cikin tarin albasa.
Wannan zafi take ji, waccan laima,
ga sikelin bakin ƙofa mai ƙirga buhu.
Kowacce da yaren maƙerin da ya ƙera ta,
ba mai gane wata.
Can kuma babbar kwamfutar kamfani a Birnin Kebbi
ba ta jin komai sai layi da lamba,
kamar akawun da bai taɓa taka fadama ba.

Ni aikina tsakani ne.
Ban rubuta manhajar daga tushe ba,
na tarar da ita kamar rumfar kasuwa:
an kafa dirkoki, an ja tanka,
kowa ya zo ya rataya zanarsa.
In an kawo baƙuwar na'ura daga wata ƙasa,
ɗan tafinta nake ɗinka mata, in maƙala,
ba sai na rushe rumfa ba.

Ran da sabis ya ɗauke kwana uku
akwatin bai zubar da kalma ɗaya ba.
Ya haɗiye, ya ajiye, kamar akuya mai tuƙa,
da layi ya dawo ya fito da su bi da bi.

Amma ran Laraba batir ya mutu.
Da ya farfaɗo, agogonsa ya koma baya,
ya rantse a alif ɗari tara da saba'in muke.
Kamfani ya ƙi karɓa:
wai albasar da ba a dasa ba, ina ta ga zafi?

Na gaya wa Baba Namakka mai gadi.
Ya yi dariya har goro ya sarƙe shi.
"A waccan shekara," in ji shi, "jaki gare ni,
kuma hancina ne na'ura.
Je ka kusurwar gabas, ka tona ƙasa-ƙasa."

Na tona. Wajen buhu shida sun fara ruwa.
Ashe lambar na cikin akwati tun asuba,
arba'in da ɗaya, ba ƙari ba ragi,
kwanan wata ne ya tare ta a ƙofa.

Daren nan ina zaune kan buhu, wayata na haska mini,
ina koya masa ladabi:
in ka farka ba ka san ranar ba,
kada ka ƙaga, ka tambaya.
Kuma labarin gobara ba ya jiran hatimi.

Koriyar fitilarsa tana ƙiftawa.
Namakka ya zo shimfiɗa tabarma kusa da sikeli,
ya hau kai da gangan, ya ɗan tsaya.
Gobe wani a ofis zai ga
an shigo da kilo hamsin da takwas
ƙarfe biyun dare.