Malam-buɗe-littafi a Wuyan Babana

Shekara talatin babana Eleuterio na gasa burodi
a kan tudun Valparaiso, inda gidaje ke hawa kafaɗar juna.
Mutum ne da in ka taka shi
shi zai riga ka cewa yi haƙuri.

Sai wani watan Yuli, sanyin teku na sara ƙashi,
ya bubbuɗe tagogi, gumi na tsattsafo masa.
Yana ci kamar gara, wando na zame masa a ƙugu.
Hannun da ya san awon gishiri ba tare da ma'auni ba
ya kama rawa, kofi na kuka a kan faranti.
Tsakar dare yana kai da kawo a ɗaki
kamar mai neman allurar da bai yar ba.

Ran wata Talata ya jefe ni da tire
don na ƙona burodi biyu.
Biyu kacal.
Mama Herminia ta ce akwai wata mace a bakin tashar jirgin ruwa.
Maƙwabta suka ce giya ce.
Ni ban ce uffan ba, na ƙulle kayana na tafi Santiago.

Likita Ossandon ce ta ɗora yatsu a wuyansa,
ta ce, haɗiyi yawu.
Nan ƙasan maƙogwaro, in ji ta, akwai 'yar tsoka
mai fiffike biyu kamar malam-buɗe-littafi.
Ita ke ɗiga wa jini sinadarin da ke iza wutar jiki.
Taka ta buɗe famfo, ta mance ba ta rufe ba.

Ƙwaya ƙanƙanuwa kowace safiya.
Kafin wata huɗu hannu ya nutsu, barci ya dawo gida,
ya koma yi wa kuliyoyin layi magana a hankali.

Ni kuwa tambaya ta hana ni sakat:
wa ya jefe ni, babana ko tsokar?
In fushin ɗigo ne, haƙurin nan na shekara talatin fa,
shi ma awo ne a jini?

Na koma a bas ɗin asuba.
Yana gaban tanda, gari har gira.
Na ce, Baba, likita ta ce ba laifinka ba ne.
Ya daɗe yana kallon tabon da ke goshina.
Ya ce, hannun dai nawa ne.
Sannan ya gutsuro burodi mai zafi
ya hura, ya miƙo mini.