Abin da Na Gaya wa Nafi'u a Kan Rufi

Ajiye jakar, Nafi'u, zauna kan bokitin nan.
Kwananka uku a Jidda,
har yanzu kana duban sama kamar mai jiran hadari.
Shekara ashirin da shida ina kwance esin mutane a Sabil,
na san garin nan ta bayan bango,
ta inda zafi ke fita.

Fara da ruwa.
Tankin bisa tukunya ne daga hantsi har la'asar,
mai buɗe famfo da azahar, kansa ya dafa.
Tari bokiti biyu da asuba,
tura su ƙarƙashin matakala su jira ka.
Ran da famfo ya yi tari ya tofar da iska,
kar ka ɓata yawunka a zagi,
lambar mai tanka na bayan ƙofa, da jan biro.

In an ba ka mota,
kar ka ajiye ta inda inuwa take,
ajiye ta inda inuwa za ta zo.
Kwali kan sitiyari.
Dubi tafin hannuna,
shi ya biya kuɗin wannan karatun.

A masallaci raba takalmanka,
ɗaya a ƙofar nan, ɗaya can gindin famfo.
Ba sata ake ba, kama ce ta yi yawa,
kuma kwaltar azahar ba ta san uzuri ba.

Igama a aljihun ƙirji, hotonta a waya.
Ko shago za ka, ko shara za ka zubar.
Sharar ma ƙulle bakinta sau biyu,
magen unguwar nan sun fi ni daɗewa,
sun san ledar baƙo.

Gai da Shafik mai gadin bene.
Tambaye shi ciwon gwiwarsa,
ran Juma'a miƙa masa shayi.
Shi ya san ɗakin da za a tashi
tun kafin mai ɗakin ya gaya wa matarsa.
Mai gurasa kuwa, bayan sallar asuba,
kafin layi ya kai bakin titi;
riƙe canjinka, ba ya son babbar takarda da safe.

In za ka sayi abinci,
kar ka juya riyal zuwa naira a ka,
yunwa za ta kashe ka da lissafi a baki.
In waya za ka saya, to juya,
juya sau uku.
Na gida, tura shi ran da ya shigo.
Kuɗin da ya kwana a Jidda
da ƙafa yake tashi.

In an ce maka bukura, kar ka ji gobe.
Koma da murmushi, koma da takardun duka,
har wadda aka ce ba a so.
Ruwan sama kuma, in ya ga dama ya zo,
kar ka bi ta ƙarƙashin gada.
Na ga motar Malam Tanimu tana iyo,
shi yana kan rufinta da carbi.

Sauran ɗaya, ban iya faɗarsa da kyau ba.
Akwai daren da ɗaki zai matse ka,
esi na aiki, kai kana gumi.
Kar ka kwanta da shi.
Fita bakin Maliya, fuskanci yamma,
ci gyaɗarka, kira Uwale, bar ta ta yi ta magana.

Ni shekara biyu na ce zan yi.
Akwatin da na zo da shi yana kan kwaba,
har yau da igiyarsa.

To, tashi daga kan bokitin, ruwan gobe ne.
Miƙo min sufana, mai lamba goma.