Baƙo a Cikin Maiƙo

Ƙarfe tara na dare a jami'ar Kumasi
na ja labule, na kashe farar fitila,
na bar ja, mai kama da garwashin da ya gaji.
Baƙona ba ya son haske tukuna.

Tantanin ƙwayar halitta nake bi,
siriri, fatar albasa bargo ce a kansa.
Maiƙo ne sahu biyu:
kawuna waje suna shan ruwa,
wutsiyoyi ciki suna gudun jiƙa,
kamar fataken goro da dare ya riska a Kejetia,
ƙafa da ƙafa, kowa kansa bisa buhunsa.

Ba su amsa sallama.
Sai na ɗinka wa wata ƙwaya rigar maiƙo
na tura ta cikinsu ta yi kwance.
In na haska mata fitilar da ido ba ya gani
ta farka a firgice
ta cafke na kusa da ita, ba saki.
Washegari in raba, in auna,
in san wa ke kwana gefen wa.

Mma Ladidi tana sayar da man kaɗe a Aboabo.
Ta ce, "Shekara biyar kina karatun mai?
Kawo yatsanki."
Ta dangwala shi a ƙwarya: "Wannan zai kai la'asar,
wancan kafin azahar ya zama ruwa."
Na auna su daga baya. Ba ta yi kuskure ba.

Ranar Laraba Opoku ya zo shara
ya bar taga a buɗe.
Rana ta shigo ba izini,
baƙina suka farka ba kowa a kusa,
suka rungumi ruwa.
Aikin mako uku.
Ya tsaya da tsintsiya yana ba ni haƙuri da Turanci da Tiwi,
ni kuwa ina wanke kwalabe.

Yau na sake, na haska, na rufe da ƙanƙara.
A motar komawa gida
wata mai sayar da ayaba ta yi barci a kafaɗata,
bakinta a buɗe, kuɗinta ɗaure a bakin zane.
Wata babbar mota ta dallare mu a kwanar Oforikrom.
Na ce a raina: da irin fitilata ce,
da ita za a same ni gobe,
matar da ban san sunanta ba.
Ban motsa kafaɗar ba har tasha.