Hannun Majemi

Shekara talatin ina karanta fata.
Miƙo min ta jar akuya a duhun asuba,
yatsana zai gaya maka inda kaska ta sha,
inda ƙaya ta karta, inda wuƙar mahauci ta zame.
Madunka kaf sun san hannun Ɗan'ige:
abin da na jiƙa a bagaruwa ba a dawo da shi.

Amma fatar Tumba, da ke kwana kusa da ni,
ban iya karanta ta ba.

Da bazara suka fito, uku, ƙasan ƙashin wuya,
kamar ƙwayar gujiya, masu tauri, ba ƙaiƙayi.
Muka ce zafin Sakkwato ne,
wa bai yi ƙuraje ba a watan da kwalta ke narkewa?
Ta shafa man kaɗe. Ta shafa na kemis, mai ɗari bakwai.
Yayarta ta aiko da sassaƙe daga Wamakko.
Damina ta sauka, zafi ya tafi,
su ba su tafi ba. Sun zama tara.
Gefen ƙirji ya yi ja, ya yi kauri kamar ɓawon lemu,
ni kuwa na ce maruru ne mai taurin kai.

A asibitin koyarwa wata likita, sa'ar 'yarmu,
ba ta daɗe kan ƙurajen ba.
Ta ce, "Inna, ɗaga hannu." Ta taɓa mama, ta taɓa hammata,
ta yi shiru irin wanda nake yi
idan na gano ruɓa a fatar da na riga na biya.
Ta yanki ɗan abu, bai fi ƙwayar gero ba.
Kwana goma sha biyu takarda ta dawo.

Sankara ce, in ji ta, a mama take zaune tun tuni,
waɗannan na waje saƙo ne ta aiko.
Tumba ta sunkuyar da kai:
"Na ji ƙullutun tun azumin bara waccan.
Bai yi ciwo ba, shi ya sa ban faɗa ba."

Yanzu ranar Talata muna layin ƙarin ruwa.
Gashinta na zuba cikin kallabi,
tana dariya, wai na huta da kuɗin kitso.
Da dare ina shafa mata magani da wannan yatsa,
a hankali, ina ƙirgawa.
Jiya bakwai na samu.
Na kunna tocila na sake bi.
Bakwai.
Ban gaya mata ba tukuna.